Fuskar Mai Wushirya

Akwai wani ƙarfe a tsakar gidana da nake kife tukwane a kai idan an wanke su. Baƙi kan ɗauka tagar wani tsohon shago ce aka ciro. Sanduna ne na ƙarfe a tsaye, kowace kaurin yatsan babban mutum, ta tsakiya ce kawai babu. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce masa ya yi magana da ladabi, domin fuskar motar Kakana ce, ragar nan ta gaba da iska ke bi ta shiga ta sanyaya inji.

Mutanenmu asalinsu masu bin shanu ne. Kaka ne ya sayar da abin da fari ya bar masa na garke, ya zauna a wani ƙauye arewa da Agiye, ya sayi kamiyo, wato gingimari mai dogon hanci da bodin katako. Sandar da ta ɓace kuwa wani bijimi ne ya karya ta a hanyar Cadawa. Masu walda sun yi ta roƙonsa ya kawo su liƙa wata, ya ce a'a, kyau ta ƙara. Tun daga nan duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da Gazawa suka sa wa motar suna Mai Wushirya. Mata kan hango giɓin nan tun daga kan tudu, su fara jawo buhunansu zuwa gindin gawo.

Ni na tashi na iske Kaka ya bar tuƙi, idanunsa sun yi hazo. Baba ne ke jan motar. Amma Baba ɗan fari ne, mu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce a gidanmu. Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa dubansa ya yi masa magana kai tsaye ba. Ni ce 'yar aike, tun da ni nake riƙe masa sanda. Ko Baba na durƙushe a gabansa, ni zai juyo ya ce wa, "Ke amaryata, gaya ma direban nan a duba ruwa kahin a tahi." Direba. Shekara da shekaru Baba na tuƙa motar, yana gyara ta, yana ciyar da gida da ita, har furfura ta fara fito masa a gemu, amma a bakin Kaka direba ne, a bakin jama'a kuma mota motar tsoho ce. Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. Ni dai na san abin yana cin sa, don na sha ganin yadda yake sunkuyar da kai idan an faɗa.

Ranar kasuwa nakan raka Kaka tashar Agiye, inda tsofaffin direbobi ke zama gindin itacen bedi ba su da aiki sai musu kan fuskokin motoci. A nan na yi karatun da lakol, wato makarantar boko, ba ta ba ni ba. Lokacin ne motoci marasa hanci suka fara yawa, waɗanda direba ke zaune bisa inji, gabansu a shafe kamar ƙofar kabad. Wasu na yabon su, wai ana ganin hanya sosai. Kaka yakan ce, "Awo, ana gani. In an yi karo kuma direba ka hwara isa." Sai a koma kan raga. Kaka ɗan tsaye ne, ya ce sandunan tsaye ƙaiƙayi ke zamewa ya faɗi, na kwance kuwa tara shi suke yi har inji ya shaƙe. Wani abokinsa ɗan Gidan Rumji shi ɗan kwance ne, ya ce motar da ke da sanduna a tsaye kullum kamar tana yi wa mutane gatsine. Sun shekara ashirin kan wannan musu, babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Ni har gobe 'yar tsaye ce, kuma ban ga wanda zai juya ni ba.

Wani abu kuma da kowa ya sani a yankinmu, ba a rubuce yake ba: ba a sake wa mota fuska sai ta sake mai ita. In ka sayi tsohuwar kamiyo, farkon abin da za ka yi shi ne ka cire ragarta ka sa wata, don mutanen hanya su san yanzu da kai za su yi magana. In mai mota ya rasu, magajinsa ma haka zai yi. A lokacin babu waya a aljihun kowa, mota ce ke kai labari.

Shekarar da abin ya faru, an gama girbi, ana ɗaure damman gero, ko'ina ƙamshin sabon kara. Baba ya kai wake Maradi. A wani garaji ya ga raga da aka ciro daga wata babbar mota ta zamani, fara tas, mai ƙyalli kamar haƙorin Makka, sandunanta a kwance, da wani zobe a tsakiya. Ransa ya biya. Ya sa bakanike ya yanke gefenta, ya huda ramuka, ya ɗaura ta a hancin Mai Wushirya, tsohuwar kuma aka jefa ta a bodi. Daga baya Baba ya yi ta rantsuwa cewa al'adar nan ba ta faɗo masa a rai ba sam. Na yarda bai yi da mugun nufi ba. Amma ban yarda ya manta ba, so ne ya rufe masa ido. Mutum ne da yake son ko sau ɗaya a hango motar a ce ga zaɓinsa.

Da la'asar ya biyo ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ba don babu kaya, yana ta ɗaga wa mutane hannu yana murna. Su kuwa abin da suka gani daban. Bodi na Mai Wushirya ne, tuƙi na ɗan tsoho ne, ke nan ba a sayar ba. Fuska kuma sabuwa. Ga shi an kwana biyu ba a ga tsoho a tasha ba saboda ciwon ƙafa. Babu wanda ya tsaya tambaya.

Washegari da hantsi ina zaure ina dama wa Kaka fura, sai na ji kukan jakuna da ƙarar amalanke. Na leƙa, na ga mutane sun cika ƙofar gida, maza da manyan riguna, mata da ƙwaryar gero a kai. Baba yana goge sabuwar ragarsa da tsumma. Limamin wani ƙauye ya riƙe hannunsa biyu ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsoho, Allah ya sa ya huta." Tsumman ya faɗi daga hannun Baba.

Kunnen Kaka kuwa bai yi hazo ba. Daga cikin zaure ya ɗaga murya, "Wane tsoho na ya rasu ba a gaya mani ba?"

Har yau in na tuna nakan yi dariya ni kaɗai. Liman ya ja da baya har ya taka rigarsa. Wata mata ta saki ƙwarya, kaji suka yi biki. Kaka ya sa na fito da shi ya zauna kan buzunsa, ya ce kowa ya shigo ya yi abin da ya kawo shi, ba a mayar da addu'a, gero ma ba a mayar da shi. Ya riƙa tambayar wa ya zo, wa bai zo ba. Da ya ji abokin musunsa ɗan Gidan Rumji ba ya ciki, ya ce dama ya san mutumin da ke son sanduna a kwance ba zai yi zumunci ba. Aka yi ta dariya, aka ci tuwo, aka watse.

Baba shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Da gida ya yi shiru, ni ma dariyar ta tsere mini, don na gane abin da ke ƙasa. A gaban ƙauyuka bakwai Baba ya zama ɗan da ya gaji mahaifinsa da rai. In Kaka ya ɗauke ta haka, babu bakin da zai gyara, tun da su biyun ba sa magana kai tsaye. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Kaka ya ce in kai shi wurin motar. Ya miƙa mini sanda, ya sa hannu biyu yana shafa sabuwar fuskar, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, yadda na sha ganin yana shafa saniya a kasuwa. Baba na tsaye a gefe da sufana a hannu, kansa a ƙasa.

"Amaryata," in ji Kaka, "ƙarhe na ƙwarai ne. Ko da dai a kwance take. Gaya ma direban nan ya maido ma motata haƙoranta, ina da sauran numhwashi. Wagga kuwa a rataye ta cikin zaure, bisa inda nike zama."

Kafin azahar Mai Wushirya ta koma yadda take. Farar ragar kuwa ta hau bango a saman kan Kaka. Kullum da safe Baba zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, in ya ɗago ido ita zai fara gani. Ya ɗauka horo ne, kuma ya karɓa. Ni ma haka na ɗauka, har na ji haushin Kaka, musamman da ya ɗora mini aikin goge ta da toka duk Juma'a. Wata rana na gaji na ce masa, "Kaka, wai mi za a yi da ita? Ka bari a ba masu walda mana." Ya ce, "Ke dai goge. Mutum ya zaɓi abin da ransa ke so, ba ni bari ranar ta zo ta iske shi da tsatsa."

Damina huɗu aka yi. A ta biyar, gero ya kai gwiwa, Kaka ya kwanta. Wata safiya Baba na durƙushe a bakin shimfiɗarsa, ni ina yi masa fifita, sai ya laluba ya kamo hannuna. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ya tabbatar an ji.

"Gaya ma mai mota," ya ce, "in an gama da ni, ya sabko da abinshi ya ɗaura da hannunshi. Ya bi hanya ya tsaya ko'ina. Kada a bar mutane su ji a bakin wani."

Ban maimaita saƙon ba, shi ne aike ɗaya da ban kai ba a rayuwata. Baba ya ji da kunnensa. Ya tashi ya fita da sauri.

Kwana biyu bayan nan aka kai Kaka makwancinsa. Da sassafe Baba ya sauko da ragar, babu ɗigon tsatsa a jikinta. Bai bari kowa ya taya shi ba. Na shiga gaban mota na zauna kusa da shi, bai hana ni ba. Ƙasa a jiƙe, hanya duk tabkuna, muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. A ƙauyen farko mutane suka hango mu, suka tsaya cak a gonaki da haiwa a hannu, babu wanda ya matso. An taɓa ba su kunya sau ɗaya. Baba ya tsaya gindin gawo ya kashe inji. Matar nan da ta taɓa zubar da gero, ta ƙara tsufa, ita ce ta tako har jikin ƙofa. Ta dubi ragar, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban Baba. Sai ta juya ta ce wa mutanen gona, "Ku taho. Wannan karon gaskiya ce." Haka muka yi ta tsayawa har Gazawa.

Yanzu labari a waya yake tafiya, kafin a wanke mamaci an ji a Yamai. Samari na sake wa motoci fuska kamar yadda suke sake hula, yau ta roba, gobe mai fitilu, duk sun zama iri ɗaya, ba ka gane motar kowa sai ka karanta lamba. Ba na zarginsu, amma kyau dai ba su san shi ba. Mai Wushirya ta daɗe da mutuwa, Baba ya sayi wata, kuma yau shi ne ke zaune a zauren gidana idanunsa sun yi hazo. Ɗana na fari ke jan motar.

Makon jiya ina kife tukwane na ji ya dawo daga Maradi yana ta oda. Na leƙa. Ya ɗaura wa motar wata baƙar raga mai walƙiya, yana tsaye yana washe baki, yana jiran a yaba. Na san babu wanda zai zo ta'aziyya, zamanin nan ya wuce. Kuma, Allah ya sani, yaron ya iya zaɓe, sandunanta a tsaye suke. Amma ina jin tarin Baba daga zaure. Yaron kuwa ɗan fari ne, ba na iya kiran sunansa, sai na kira ƙanwarsa.

Na ce, "Gaya ma direban nan ya cire ta ya rataye a zaure. Ni zan riƙa goge mashi."