Rayuwar Likita Mai Waya, Mai Daidaita Haƙora

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda kowa ya sani da Likita Mai Waya, a shekarar 1953 a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke tsayawa. Mahaifinta mai gyaran keke ne, mahaifiyarta tela, ita ce ta uku a wurinsu. Tun tana 'yar mitsitsiya take tsugunawa a rumfar babanta tana kallon yadda yake miƙar da ƙafar keken da ta karkace, ba da guduma ba, sai dai ya bi ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa a hankali. Yayyenta har bebiya suke ce mata, don sai ta wuni a nan ba ta ce uffan ba.

Karatu

Ta kammala sakandare a 1971, ta karanci aikin haƙori a jami'a, sannan ta ƙware a fannin daidaita haƙora, wato sa wa mutum siririyar waya a baki ta riƙa jan haƙoran da suka hau juna ko suka turo waje har su zauna daidai. Baki guda kan ci shekara biyu ko fiye. A nan ta fahimci cewa haƙorin da aka tasa daga mazauninsa aka bar shi a hanya, gara ma ba a taɓa shi ba, don haka ta ƙudurta ba za ta fara bakin da ba za ta ƙarasa ba.

Aiki

A 1982 ta buɗe asibitinta, ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Kujera ɗaya ce koriya a gaban taga, ga filayoyinta na lanƙwasa waya a jere daga ƙarami zuwa babba, ga siffofin bakunan mutane na farar ƙasa cike da kanta, yara na shigowa su maƙale a jikin iyayensu. Sai ta tsoma ɗan madubinta a ruwan ɗumi kafin ta sa wa yaro a baki. Takan manta sunan mutum, amma ko bayan shekara ashirin ya yi mata murmushi a kasuwa, za ta faɗa masa wace fiƙar ce ta ba ta wahala, ta kuma tambaye shi me ya sa ya daina sa robar da ake kwana da ita a baki don kada haƙora su sake karkacewa.

Aure da Iyali

A 1984 ta auri wani malamin makaranta mai barkwanci, wanda kullum yake gaya wa abokansa cewa ranar da suka fara haɗuwa bakinsa ta kalla ba fuskarsa ba, kuma da ƙyar ya ci jarrabawar. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ba ta da abin sha'awa kamar furanni masu hawa bango, da ragowar waya take ɗaure su. Maigidan ya rasu a 2011.

Shekarun Ƙarshe

A 2018 hannunta na dama ya fara rawa, likitoci suka tabbatar mata ciwon gaba zai yi. A lokacin mutum kusan arba'in ne ke yawo da wayarta a baki, ga shi babu wani ƙwararre a kusa, yawancinsu kuma ba su da halin tafiya. Babban ɗanta ya roƙe ta ta rufe asibitin ta huta, ta ƙi. Ta daina karɓar sababbi, ta kira autarta, wadda cire haƙori da cike shi kawai ta karanta, ta ce ta ara mata hannu. Ita tana zaune a gefe ta danne hannun dama da na hagu, Auta na lanƙwasa waya, da ido kawai Likita take gane an matse da yawa. Da hawa bene ya gagare ta, aka sauko da kujerar aka kai falon gidanta.

Haka aka riƙa sallamar su har saura mace ɗaya, wata mai sayar da yadi da ta yi shekara arba'in tana rufe baki in za ta yi dariya. Haƙorinta guda ya ƙi zuwa, jikin Likita kuma ya yi nauyi. Auta ta ce, "Umma, ai ya kusa, mu cire mata haka nan, wa zai lura?"

Ta ce, "Harshenta zai lura, Auta, kullum safiya. Ƙara mata wata biyu."

A kan keken marasa lafiya aka turo Likita ranar da aka cire wayar. Ta sa matar ta ciji, ta buɗe, ta sake cizo, sannan ta gyaɗa kai.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a ƙarshen 2021, makonni kaɗan bayan wannan rana, aka yi mata sutura aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban injiniya ne, mai bi masa ungozoma, na uku direban jirgin ƙasa, sai Auta, da jikoki tara. Ba ta bar ko mutum ɗaya da waya a baki ba. Allah ya jiƙanta da rahama.