Baƙin Kwabo a Aljihun Ƙanin Maigida

Tanyus, wanda mutanen garin Juniya na ƙasar Lebanon ke kira Abu Rukoz, ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba karta a wani gidan caca da ke saman shagon gasa burodi, kusa da bakin teku. Bai taɓa zuba ko lira ɗaya a wasa ba. Ubansa masunci ne, shi kuwa da ya shiga jirgi sai amai, shi ya sa tun yana saurayi ya hau benen nan neman aikin shara. Daga tsintsiya aka miƙa masa karta. Ba shi da yawan magana, zama ya ɗan tanƙwara masa baya. Da wannan kujerar ya aurar da 'ya'yansa biyu, da ita kuma yake sayen maganin ciwon sukarin matarsa duk wata.

Wasan karta da ake kira foka ake bugawa a gidan, da kwabban roba a madadin kuɗi. Fari shi ne ƙarami, ja ya fi shi, baƙi kuwa guda ɗaya ya kai albashin Tanyus na wata uku. Dokar da kowa ya sani ita ce, abin da ka ɗora a tebur ya zauna a nan har ka tashi gaba ɗaya. Ba ka ƙarawa daga aljihu ana tsakiyar wasa, ba ka kuma ragewa. In ka ce ka zuba duka, to dukan ake nufi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci an ci abinci, mutum biyar suka zauna. Cikinsu akwai Fawzi, ɗan kwangila da ake kira Ustaz don girmamawa kawai, ƙanin Hawaja Nakle mai gidan. Bara Ustaz ɗin ya sa an sallami wani mai rabo don kawai ya ce masa ya janye sigarinsa daga kan karta. Wannan Lahadin sa'a ta bi shi, har ya cinye wa wani likita baƙin kwabo. Da aka kawo gahawa ya goge baki da hankici, ya yar da shi a kan tulin kwabbansa, ya ɗauke ya cusa a aljihun kwat. Baƙin ya bi hankicin.

Babu wanda ya lura sai Tanyus. Ya ce a ransa wataƙila mutumin tashi zai yi. Ustaz bai tashi ba.

A zagaye na uku bayan haka kowa ya ajiye kartarsa ya fita daga wasan, saura Ustaz da Sarkis, mai gyaran agogo, wanda shi ma ya tara tuli babba a gabansa. An riga an buɗe karta biyar da ake jerawa a tsakiyar tebur, babu sauran abin jira.

Ustaz ya ce, "Sarkis, agogonka ya tsaya ne? Mun tsufa muna jiranka."

Sarkis ya ce, "Nawa yana tafiya, Ustaz. Naka ne rowa ta hana ka kawo gyara. Na wuce, kai ka fara."

Ustaz ya sa hannu biyu ya turo tulinsa tsakiya. "Na zuba duka. In kana da zuciya biyo ni."

Sarkis ya cire tabarau ya goge. "Abu Rukoz, nawa ne dukan nasa?"

Haƙƙinsa ne ya tambaya, aikin mai rabo ne kuma ya ba shi amsa. Tanyus ya jawo kwabban ya jera su biyar biyar. Ya gama, ya sake daga farko, ba don ya ɓata lissafi ba.  Ta gefen ido yana hango Hawaja Nakle a bakin taga yana ɓare gyaɗa. In ya faɗi abin da ke tebur kawai, Sarkis zai sa dukiyarsa a kan ƙarya, kuma daga bakin Tanyus ƙaryar za ta fito. In ya faɗi maganar hankicin, ya san inda kujerarsa za ta kwana.

Ustaz ya ce, "Tsoho, lissafin ya gagare ka ne? A ɗauko maka allo?"

Tanyus bai ɗaga kai ba. "Ja ashirin da biyu, fari tara. Sai baƙi ɗaya, ranka ya daɗe, da ya maƙale a hankicinka lokacin gahawa."

Likita ya ajiye kofinsa a hankali. Ƙarar ɓare gyaɗa ta tsaya.

"Ɓarawo kake ce mini, ni, a gidan yayana?"

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Hankici yakan ɗauki abu. Amma ka ce duka, shi kuma na tebur ne."

Ustaz ya waiwaya wajen yayansa. Hawaja Nakle ya dubi mutanen da ke zaune, waɗanda da su gidan ke ci, ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Duba aljihunka, Fawzi."

Hankicin ya fito, baƙin ya faɗo ya gangara har gaban Tanyus. Ya ɗauka ya ɗora a saman tulin, ya ce wa Sarkis, "Ga dukan. Magana tana wurinka."

Sarkis ya daɗe yana kallon kwabon. Yanzu in ya bi, kusan duk abin da ke gabansa zai shiga. Can ya ce, "Wanda ya yarda da kartarsa ba ya ɓoye babban kuɗinsa. Na bi."

Idan an zuba duka an bi, dole kowa ya buɗe, babu mai jefar da tasa a rufe. Ustaz ya yi yunƙurin cusa kartarsa cikin sauran, Tanyus ya dafe ta da yatsa, ya juyo ta sama. Ba komai a ciki, barazana ce kawai. Sarkis ya buɗe karta biyu masu lamba tara, ya kwashe.

Da aka watse, Hawaja Nakle ya kira Tanyus gefe, bayan kanta.

"Gaskiya ka faɗa, Abu Rukoz. Amma me ya hana ka raɗa mini tun lokacin gahawa? Da na gyara abin ba wanda ya ji."

"Tsoro na ji, maigida."

"To ga shi ka tsiraita shi a gaban likita. Uwarmu ɗaya da shi, rabin ginin nan kuma nasa ne." Ya juya kai wajen taga. "Ka huta daga gobe."

Tanyus ya ce to. Ya koma teburin ya haɗa kartar, ya tabbatar hamsin da biyu ce cif, ya sa ta a kwalinta. Ya tsaya a ƙasa ya sayi burodi mai zafi guda huɗu, ya kama hanyar gida yana shirya yadda zai faɗa wa matarsa.