Ciwon Da Ya Ƙwace Mini Guɗa

Ni 'yar Roni ce, aure ya kawo ni Kazaure. A wancan lokacin, in ana biki a danginmu amarya ba ta fitowa sai an ji guɗata. Ba sana'ata ba ce, baiwa ce Allah Ya ba ni. In na kama hanci na rangaɗa ta, har 'yan acaɓa na bakin titi sai sun waiwayo. Siririya ce ni, ga kazar-kazar, ga surutu, har maigidana kan ce in ya ji gidan shiru ya san na tafi unguwa.

Da na yi haihuwar fari na je gida wankan jego. Goggona ce ta riƙa yi mini, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, har na yi arba'in. Bayan na dawo ɗakina da 'yan watanni sai na fara ƙiba. Nan fa aka shiga yaba maigida, wai ya iya kiwo, shi kuma sai washe baki yake yi, alhali ko rabin malmalar tuwo ba na cinyewa. Fuskata ta kumbura, fatata ta bushe, gashi sai zuba yake in ana mini kitso. Barci kuwa, in na zauna tsintar shinkafa sai in farka in tarar kaji sun taya ni. Tsakiyar bazara mutane na neman inuwa, ni ina neman bargo. Dangin miji suka yanke hukunci cewa sanyi ne ya shige ni, wai goggo ba ta gasa ni da kyau ba. Baiwar Allah ta ji zafin maganar nan, ta taso har Kazaure ta sake dafa mini ruwa, amma sanyin yana nan daram.

Abin da ya fi ci mini rai muryata ce. Ta dishe, ta yi kauri, in na ɗauki waya sai a ce in miƙa wa matar gidan. Ranar sunan wata maƙwabciya na kama hanci zan yi guɗa, abin da ya fito ko tsohon zakara ba zai yarda nasa ba ne. Mata suka fashe da dariya, na taya su, na dawo gida na sha kuka. Ga shi an sa ranar auren autarmu, wadda tun tana ƙarama take cewa ba za ta bar gida ba sai da guɗata.

Ranar da na kai yarona rigakafi, wata malamar asibiti ta ƙura mini ido, ta shafa wuyana, ta ce lallai in ga likita. Bayan an auna jinina, likitan ya ce akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro mai suna tayirod, ita ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. Tawa ta yi rauni, abinci ba ya komawa ƙarfi da ɗumi, shi ya sa komai nawa ya yi sanyi, har murya. Ya ce ciwon yakan sami mata bayan haihuwa, kuma babu ruwan wankan jego. Ya rubuta mini ƙwaya 'yar mitsitsiya, kullum da safe kafin in ci komai, ya ce in riƙa dawowa awo, kada in daina don na ji sauƙi.

A hankali kumburin ya saɓe, bargo ya koma cikin akwati. Ranar kai amarya na kama hanci, sai ga ta ta fito tar, doguwa, har ƙarshen layi! Autarmu ta ƙanƙame ni tana kuka tana dariya. Goggo kuwa ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga fili, tana tambayar ina masu cewa ba ta iya wanka ba.

'Yan uwana mata, ba kowace ƙiba ce hutu ba. In kin ga kina kumbura ba ci, ga kasala, ga jin sanyi, ki je a auna jininki. Na kusa rasa muryata ana taya mijina murna, ana zagin tsohuwar da ba ta yi laifin komai ba.