Kunnen Mai Guduma

Shekara talatin da ɗaya Mai Guduma ya yi yana taka gadar jirgin ƙasa da ƙafa kowace safiya, kafin dogon jirgin fasinja ya iso. Aikinsa ɗaya ne: ya bugi ƙarfen dogo da kowace ƙusa, ya saurara. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dakushe take. In ya gamsu sai ya ɗaga koriyar tuta, kan jirgi ya ja taragu goma sha huɗu ya hau gada. Fasinjoji su cika tagogi suna kallon kogi, da kwale-kwalen masunta, da balbelu a kan yashi, ba mai ko lura da tsohon da ke bakin dogo. Matarsa takan tsokane shi, wai ya fi jin maganar ƙusa a kan tata.

Da ta san gaskiya da ba ta yi wannan barkwancin ba. Shekara biyu ke nan kunnensa yana tafiya, kuma bai gaya wa kowa ba. Ya koyi karanta baki. Ya koyi jin rawar ƙarfe a tafin hannunsa, yana lallashin kansa cewa hannu ma ai yana ji. Amma tsoro bai bar shi ba ko rana ɗaya. Duk lokacin da jirgi ya hau gada, sai ya yi ta ƙirga taragu har na ƙarshe ya sauka.

Ranar da asiri ya tonu, an kwana uku ana tafka ruwa. Kogi ya kawo jajir, yana jibga itatuwa a ginshiƙai, gada gaba ɗaya tana kaɗawa. Ya buga guduma. Hannunsa ya ji rawa, amma ta ƙarfe ce ko ta ruwa? Ya sake bugawa, ya durƙusa ya kafa kunci a kan dogo. Shiru. Ga shi kuma a jirgin yau autarsa take, za ta kawo masa jikan da bai taɓa gani ba.

Can ya hango kan jirgi ya fito daga kwana. Ya san direba yana danna oda, shi dai bai ji ba. Tutoci biyu ne a ɗamararsa. Ya zaro ja, ya ruga tsakiyar dogo yana kaɗa ta. Jirgi ya ja birki, ya zo ya tsaya har yana jin hucin inji a fuskarsa.

Direba ya diro a guje. "Baba, lafiya? Ina ne ya tsage?"

"Ban sani ba, ɗana."

"Ba ka buga ba ne?"

"Na buga. Ji ne ban yi ba. Shekara biyu ke nan ba na ji."

Direba ya karɓi gudumar, ya bi gada ƙusa-ƙusa da kansa. Bayan awa guda ya dawo jiƙe sharkaf, ya tsaya daidai gaban tsohon don ya ga bakinsa.

"Gada lau take, Baba. Amma ka san dole in kai rahoto."

"Ka kai, ɗana. Da ni ne kai, da na kai."

Direba ya hau abinsa da gudumar a hannu. Jirgi ya soma ja a hankali. A tarago na bakwai autarsa ta leƙo, tana ɗaga masa jariri a cikin zani, tana kiransa. Ya ga bakin jaririn a wangame, yana tsala kuka iya ƙarfinsa. Mai Guduma ya karkata kai, ya miƙa kunne yadda ya saba yi wa ƙarfe, har tarago na ƙarshe ya wuce.