Igiyar Baba Jinjiri

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran Baba Jinjiri, tsohon maharbin Ruma, a ƙarƙashin tsamiyar bayan gidansa. Bindiga ce ta fashe a hannunsa.

Baba, da aka turo ni koyarwa garin nan ban san kowa ba. Kai ka fara sallama a ƙofata, riƙe da zabin daji biyu, ka ce malami ba ya koyarwa da yunwa. Duk naman da ka harbo, sai gwaggo Mero makauniya ta sami rabonta kafin iyalinka su ɗanɗana.

Kowa ya san al'adarka. Bindigogin garin nan ƙirar maƙeranmu ne, don haka ba ka yarda a ɗora baƙon harsashi a kafaɗa. Sai ka ɗaure bindigar a jikin tsamiya, ka zarga igiya a kunamarta, ka koma nesa ka ja. Shekara arba'in kana haka, babu wanda ya rasa ko ɗan yatsa.

Sai ga Faisal, mai saye da sayarwa daga Batsari, wanda ko zomo bai taɓa harbi ba, da kwalin sabon harsashi, dogo, ja, yana ƙyalli. Wai ya fi nisa, wai ya fi ƙarfi, wai tsohon namu na ƙauyawa ne. Magidanta da gemunsu suka yi masa caa, kamar kaji sun ga tsaba. Ka juya guda a tafinka ka ce, “Ƙarfin nan ya fi ƙarfin ƙarfenmu. Birin da ke cin dawarku, tsohon harsashin ma yana kayar da shi.” Suka bushe da dariya, suka ce tsufa ya zo da tsoro. Tsoro! Mutanen da ba sa shiga dajin Ruma sai suna bayanka.

Ran nan ɗanka Huzaifa, mai 'ya'ya uku, ya ɗura sabon harsashin a gaban jama'a. Ka nemi igiyarka aka rasa. Ashe wasu masu wayo sun ɓoye ta don su ga yadda za ka yi. Ka roƙe shi ya dakata, aka zuga shi, ya rantse sai ya harba. Nan ka karɓe bindigar ka ce, “In dai sai an sa kafaɗa, tawa ta riga ta tsufa. Ku ja da baya.”

Faisal ya zo zaman makoki yana girgiza kai, wai kwana ne ya ƙare. Haka ne, mun yi imani. Amma ban miƙa masa hannu ba, kuma ban yi nadama ba. Igiyar ma ta dawo, an jefo ta ta kan katanga, don waɗanda suka ɓoye ta ba su da fuskar shigowa ta ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Hajjo da 'ya'ya da jikoki. Huzaifa kuwa, da har yau bai iya kallon tsamiyar nan ba, Allah Ya ba shi ƙarfin ɗaukar gidan da kafaɗar da ka bar masa.