Mahaifina da likitar da ta zo a kwalekwale

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar masunci, a ƙauyenmu da ke bakin kogi kusa da Auyo. Ciwon dajin mafitsara ne ya yi ajalinsa.

A wajenmu fitsarin jini ba abin tsoro ba ne. Tsargiya ce, kusan duk wanda ya taso yana shiga ruwa ya yi ta. Shi ya sa da jinin ya dawo wa Baba bayan ya yi furfura, bai gaya wa kowa ba, har Inna.

A damunar da ta gabaci rasuwarsa, wata matashiyar likita mai suna Falmata ta iso garinmu a kwalekwale, da akwati cike da ƙananan kwalabe. Ba ta daɗe da gama karatu ba. Wata gidauniyar taimako ce ta ba ta ɗan tallafi, ta binciki yadda tsargiyar da ta daɗe a jiki ke rikiɗewa ta zama daji. Dattawa suka ƙi. Wane magidanci ne zai miƙa fitsarinsa ga sa'ar 'yarsa? Kwana uku tana zuwa tana komawa. Baba ne ya fara karɓar kwalba, ba don ya yarda da aikin ba, sai don ya ji nauyin a wulaƙanta baƙuwa.

Da sakamako ya fito, da kanta ta dawo ta raka shi asibiti a Kano. Likitoci suka ce ciwon ya riga ya yi nisa. A hanyar dawowa ta kasa haɗa ido da shi. Shi ne ya yi magana.

"'Yata, ni dai kin same ni a makare. Kwalaben nan akwai saura?"

Baba mutum ne mai kunya ƙwarai. Amma a watannin da suka rage masa ya bi ta mashigi mashigi, yana tsayawa gaban masunta 'yan'uwansa yana faɗar abin da ya ɓoye wa matarsa. Ƙanensa, Baffa Audu, sai da Baba ya yi masa fushi na gaske kafin ya yarda a duba shi. An ga nasa da wuri, aka yi masa aiki. Bana ma ya noma shinkafarsa.

Falmata ba ta taɓa cewa ta gano magani ba. Abin da ta lura da shi a yankinmu shi ne, dattijon da jini ya dawo masa bayan ya sha maganin tsargiya, bai kamata a sake ba shi ƙwaya a sallame shi ba, hoton mafitsara yake bukata. Ƙaramar magana ce, amma ta tsayar da wasu a raye.

Ina yawan tunanin me Baba zai ce da zai ga yau. Zai yi murnar jin cewa Falmata na koyar da ɗalibai. Ransa kuma zai ɓaci in ya ji cewa da tallafin ya ƙare aikin ya tsaya cak tsawon lokaci, abokan karatunta da dama suka bar bincike. Mun iya kai wa mara lafiya gudummawa a gadon asibiti. Matashin da ke neman tushen cutar kuwa, ba ma tuna shi a sadakarmu.

Baba bai bar gona mai faɗi ba, kwalekwalensa ma ya ruɓe. Watan jiya wani tsoho daga wajen Miga ya same ni a makarantar da nake koyarwa a Haɗejiya, ya tambaya ko ni ce 'yar Bukar. Ya ce bai taɓa ganinsa ba, labari kawai ya ji cewa wani masunci ya faɗi nasa ciwon a bainar jama'a, shi ya ba shi ƙarfin zuwa asibiti. Ya ajiye ƙunshin busasshen kifi, ya ce in kai wa Inna.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa.