Ɓawon Hanon da Inna Yahanasu Ta Wanke

A Tamawa kowa ya san gidan Inna Yahanasu, don tun daga zaure ƙamshin ɓawon itacen hano yake tarar mutum. Wajen mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, ta koyi sassaƙe. Ciwon gwiwa, ciwon ƙugu, tsamin gaɓoɓin da ke kama manomi bayan huɗa, nan aikinta ya tsaya. In mace ta ja ta ɗaki ta nuna mata ƙululu a nono, sai Inna ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, 'yar nan. Tafi asibiti su yanki ɗan nama su duba, ko ciwon daji ne ko ba shi ba." Wasu har bakin titi take raka su.

Jikarta Raudatu tana shekarar ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma, kuma maganin kakarta ta zaɓa ta gwada a aikinta na fita. In bai nuna komai ba, sai ta sake wani daga farko, 'yan ajinsu su fita su bar ta.

Da ta bugo waya tana neman ɓawon, Inna ta ɗauki ɗan gatarinta ta shiga jeji. Ta dawo ta zube shi, ta tsaya tana kallo. Ga ƙaro yana danƙo, ga ƙasa, har da tururuwa. Wannan za a kai gaban malaman jami'a? Ta ɗora ruwan zafi ta wanke shi sau uku, ta kankare da wuƙa, ta shanya a rana har ya yi fes, ta ƙunshe a sabon ƙyalle.

Bayan sati uku sai ga Raudatu ta sauka daga mashin, fuska ba walwala.

"Bai yi ba, Inna. Ɓerayen da muka bai wa da waɗanda ba mu ba ba, duk ɗaya."

"Ɓeraye? Maganin nawa kuka ba ɓeraye?"

"Farare ne, na gwaji. Ana ɗora su kan faranti mai ɗumi, a ga tsawon lokacin da za su yi kafin su ɗaga ƙafa."

"Ikon Allah. Mu nan tarko muke ɗana musu, ku can kuna jinyarsu."

Raudatu ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ajiye jaka, sai idonta ya faɗa kan faifan ɓawon hano a inuwar bayan ƙofa. Ta ɗauko ɓawo ɗaya, ya manne mata a yatsa.

"Tsohuwa, me ya sa wannan yake danƙo, nawa kuwa kamar an goge?"

"Naki ai na baƙi ne."

"To na Malam Ɗanmusa mai ciwon gwiwa fa, kina wankewa?"

"Shi ɗan gida, me zan wanke masa?"

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Na zubar da maganin a kwata, na aiko miki da itace!"

Raudatu ta zube kan tabarma tana dariya har da hawaye. "Shekara hamsin kina aikin nan, sai a kaina za ki yi kwalliya?"

"Ja'ira, mutunci na yi wa malamanki."

Malamin da ke duba aikin, Dakta Zaharaddin, ya ƙara wa Raudatu sati biyu. Wannan karon Inna da kanta ta kai ɓawon ɗakin gwajin jami'ar, a tsohon buhu, da ƙaronsa da komai. Kafin su fito Raudatu ta sa ta leƙa madubin likita, inda aka rina ɗan naman da ake dubawa don gano daji. Inna ta daɗe ido ɗaya a rufe.

"Kamar atamfa," in ji ta. "Ashe nan matan da nake turowa suke zuwa." Ta yi wa mai naman addu'a, ko ba ta san ta ba.

Ranar wata Alhamis tana tankaɗen gero waya ta yi ƙara. Raudatu ce, ta ce ɓerayen sun daɗe kan farantin. Dakta ya karɓi wayar ya ce, "Inna, wannan farawa ce kawai, ɓera ba mutum ba ne. Amma aikin Raudatu ya tsaya da ƙafarsa."

Inna ta yi alwala ta yi sujadar godiya, garin gero har gwiwar hannu.

Raudatu ta fita tare da 'yan ajinsu. Da Dakta ya aiko neman ɓawon don gwiwar mahaifiyarsa, Inna ta kakkaɓe tururuwar kawai ta ba ɗan aike.

"Ka ce masa yanzu ya zama ɗan gida."